Kumburin Muƙamuƙi Ga Yara: Yadda Aka Gano Shi

Jama'a, ga labarin wani ciwon daji mai kama yara, da yadda likitoci suka gane shi.

A shekarar 1957, a asibitin Mulago na Kampala, ƙasar Yuganda, aka kawo wa Likita Denis Burkitt wani yaro da kumburi a muƙamuƙi, sama da ƙasa. Ba a daɗe ba ya ga wani irinsa. Sai ya bi tsofaffin takardun asibiti, ya tarar an sha ganin haka, wani lokaci har da kumburin ciki. A 1958 ya rubuta bayaninsa, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa.

To, wane irin ciwo ne? Aka yanki ɗan nama daga kumburin, aka duba da madubin likita, sai aka ga ƙwayoyinsa kamar taurari a sama da dare. Nan aka tabbata daji ne na kaluluwa. Ɗan'uwansa shi ne sankarar jini, mai tasowa daga ɓargo, wadda ake ganewa da gwajin jini da na ɓargo. Kowanne da nasa magani, saboda haka tilas a rarrabe su kafin a fara.

A 1961 Burkitt da abokansa biyu suka yi tafiyar wajen mil 10,000 cikin mota, asibiti bayan asibiti, suna tambaya. Suka ga ciwon ya fi yawa a ƙasashe masu zafi da ruwan sama, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Nijeriya da Gana da Kamaru suna ciki. A 1964 aka gano wata ƙwayar cuta a cikin kumburin, a Landan. A Ibadan kuma Likita Victor Ngu ya nuna allura tana narkar da shi.

To, kai mai karatu, ka lura. Hangum yakan saɓe cikin mako ɗaya ko biyu. Wannan kuwa ƙaruwa yake yi kullum, haƙora su yi girgiɗi, ido ya turo, ko ciki ya kumbura. Kada ka bari a tsaga, kada ka tsaya jira. Kai yaron wurin malamin asibiti, in ya tura ku babban asibiti ku tafi ran nan. Ido ba ya raba wannan ciwo da wani, sai madubi. Da yawa waɗanda aka kai da wuri sun warke.

Allah ya raya mana su.