Tarihin 'Yan Dakon Ƙofar Hanta

Idan mutum ya tsorata, gabansa ya faɗi, zuciya ta shiga dukan uku-uku, to sinadarin adiranalin ne ya kwararo cikin jini daga wasu 'yan tsokoki biyu da ke zaune a saman ƙoda. Bayan 'yan mintoci kuma sai hankali ya kwanta. To ina sinadarin ya tafi? Masana sun yi kusan ƙarni guda suna bin sawunsa, ɗaya daga cikin hanyoyin kuwa ta kai su ƙofar hanta.

A 1895 George Oliver da Edward Schäfer suka nuna a Landan cewa ruwan waɗannan tsokoki yana sa hawan jini. A 1901 Jokichi Takamine, mutumin Japan mazaunin Amurka, ya tace adiranalin tsantsa. A 1946 kuma Ulf von Euler na Suwidin ya tabbatar cewa ɗan'uwansa noradiranalin ne jijiyoyi ke aikewa da shi zuwa zuciya da hanyoyin jini. Su biyun, haɗe da dofamin, su ne dangin da ake kira katekolamin.

An fara sanin masu rusa su kafin a san masu kai su wurin rushewa. Tun a 1928 Mary Hare ta gano wani inzayim a cikin hanta a Kambirij, wanda daga baya aka raɗa wa suna MAO. A 1957 Julius Axelrod ya gano na biyu, COMT, a Amurka. Amma a nan gizo ke saƙa: a cikin ƙwayoyin hanta waɗannan inzayim suke zaune, fatar da ke lulluɓe da kowace ƙwaya kuwa ta maiƙo ce. Su kuma katekolamin abokan ruwa ne, kuma suna ɗauke da cajin lantarki mai alamar tarawa. Ruwa da mai ba sa haɗuwa, don haka dole a sami wanda zai tsallakar da su.

A 1961 Axelrod ya nuna cewa jijiyoyi na sake zuƙe noradiranalin ɗin da suka saki, aikin da ke cikin dalilan ba shi kyautar Nobel a 1970. A 1965 Leslie Iversen, yana gwaji da zuciyar ɓera a Kambirij, ya lura da wata zuƙa dabam wadda ke bayyana idan sinadarin ya yi yawa, ya kira ta zuƙa ta biyu. Bincike ya ci gaba, aka gane ba a jijiyoyi take ba, kuma ba ta buƙatar sodiyam kamar ta farko. Shekara kusan talatin ana ganin kaya na shiga, ba a ga ɗan dakon ba.

Sai a 1994 Dirk Gründemann da Hermann Koepsell da abokan aikinsu a Würzburg ta Jamus suka zaƙulo wani ɗan dako daga ƙodar ɓera. Sun dasa saƙon gadonsa cikin ƙwan kwaɗo, sai ƙwan ya soma zuƙar sinadarai masu caji, suka sa masa suna OCT1. OCT2 ya biyo baya a 1996 daga Japan, OCT3 kuma a 1998, shi ne aka tabbatar yana yin zuƙa ta biyu. A wannan shekarar dai wasu masana a Jamus suka nuna OCT1 ma yana ɗaukar adiranalin da noradiranalin da dofamin. A jikin ɗan Adam, hanta ce babban mazauninsa, a gefen ƙwayar da ke fuskantar jini.

Aikinsa ba ya cin kuzarin ƙwaya. Cikin ƙwayar yana da caji mai alamar ɗebewa, shi ke janyo kayan, ɗan dako buɗe hanya kawai yake yi. Riƙonsa ba shi da ƙarfi, amma yana kwasa da yawa, kuma ba ya tsangwamar kaya. Da sun shiga, COMT da MAO za su far musu, wuri ya samu ga na baya. Ƙarshen tafiyar adiranalin da noradiranalin shi ne sinadarin VMA mai fita ta fitsari, wanda likitoci suka daɗe suna aunawa idan suna zargin ƙari a tsokokin saman ƙoda. Da yake jinin hanji ta hanta yake fara bi, yawancin noradiranalin ɗin da ya taso daga can a nan ake tsince shi kafin ya isa zuciya.

Rashin tsangwamar nan ne ya kai OCT1 kantin magani. A 2001 aka samar da ɓerayen da ba su da shi a ƙasar Holan, a 2002 kuma aka ga metformin, maganin ciwon sukari, da ƙyar yake shiga hantarsu. A 2007 ƙungiyar Kathleen Giacomini a San Francisco ta nuna cewa wasu mutane sun gaji OCT1 mai rauni, abin da kan rage tasirin maganin a jikinsu. Ashe duk mai haɗiyar metformin da safe, ɗan dakon da ke kwashe masa ragowar tsoro ne ke shigar masa da maganin cikin hanta.