Daga Kaset Zuwa Faifai: Tarihin Darajar Tsofaffin Finafinan Hausa a Zangon Kumasi

1.0 Gabatarwa

Kayan da aka yi domin kasuwa sukan rikiɗe su zama kayan tarihi idan zamaninsu ya shuɗe. Haka ya faru ga faifan garmaho, kuma haka yake faruwa a yau ga kaset ɗin bidiyo da faifan VCD da na DVD waɗanda suka ɗauki finafinan Hausa daga Kano zuwa zangunan Afirka ta Yamma. Wannan muƙala ta bibiyi yadda waɗannan kaya suka isa Zangon Kumasi a ƙasar Gana, sannan ta fito da dalilan da suke sa wani faifai ya cancanci adanawa, alhali ɗan'uwansa da aka sayar da su rana ɗaya bai wuce tarkace ba.

2.0 Zango da Tsohuwar Hanyar Gwanja

Alaƙar Hausawa da ƙasar Tonawa ta samo asali ne daga fataucin goro. Garin Salaga na ƙasar Gwanja shi ne babbar mahaɗar fatake, har zuwa lokacin da Turawan Ingila suka karya ƙarfin Asante a 1874, sannan yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa kasuwar garin. Bayan Ingilishi sun mamaye Kumasi a 1896, kuma jirgin ƙasa ya iso a 1903, sai baƙi Musulmi daga arewa suka yi ta kwararowa. Ta haka Zango ya bunƙasa, daga baya unguwanni irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango suka cika da jama'a. Ƙabilu da yawa ne suke zaune a can, amma Hausa ce ta zama harshen cuɗanya, kamar yadda Enid Schildkrout ta nuna a littafinta na 1978 a kan mutanen Zango.

Dokar korar baƙi ta 1969, a zamanin gwamnatin Busia, ta raba iyalai da dama, ta kuma raunana zirga-zirga tsakanin Zango da ƙasar Hausa. An haifi zuriyar da take jin Hausa, amma ba ta taɓa ganin ganuwar Kano ba. Wannan gurbi ne fim ɗin bidiyo ya zo ya tarar.

3.0 Zamanin Kaset da Faifai

Masana sun ɗauki Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990, a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka kai kasuwa. Gimbiya Fatima da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka biyo baya. A 1999 Sangaya ya sauya alƙiblar sana'ar ta fuskar waƙa da rawa, kuma a shekarar ne mujallar Fim ta fara fitowa, aka kuma laƙaba wa masana'antar sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa. Ita ma Gana ta riga ta shiga zamanin bidiyo tun 1987 da fim ɗin Zinabu na William Akuffo, daga bisani Kumasi ta zama cibiyar finafinan harshen Twi. Saboda haka kayan Kano sun iske kasuwa mai na'urori da masu kallo, sai dai masu sha'awarsu na musamman su ne mutanen Zango.

Da kaset ya ja baya, faifan VCD ya gaje shi. Shi wannan faifai ba ya ɗaukar fiye da kimanin minti 74 zuwa 80, abin da ya dace da al'adar raba fim kashi na ɗaya da na biyu. Faifan DVD, wanda ya fara fita a Japan a 1996, ya fi shi ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, kuma wannan yalwa ta zama makamin masu satar fasaha, domin sukan cusa finafinai da yawa a faifai guda, hoto ya dushe, murya ta shaƙe.

4.0 Abubuwan da Suke Ba Faifai Daraja

4.1 Kwali na Asali

A tsarin kasuwar Kano na wancan zamani, musamman Ƙofar Wambai, furodusa yakan buga kwalayen fim ɗinsa ne ya sayar wa dillalai, su kuma su kwafi fim ɗin daga uwar kaset su saka a ciki. Ke nan kwali shi ne hujjar halascin kaya, shi ne kuma ribar mai fim. Wannan ya sa faifan da yake cikin kwalinsa na asali ya fi wanda aka rubuta wa suna da alƙalami. A jikin kwalin ake samun sunan kamfani da na darakta da na 'yan wasa, wani lokaci har da na mawaƙa. Ga mai nazari, wannan tamkar shafin ƙarshe ne na kundin ajami, inda marubuci yake bayyana sunansa.

4.2 Ƙaranci

Fim ɗin da aka buga sau ɗaya ya ɓace daga kasuwa ya fi tsada a idon mai adanawa. Akwai kuma waɗanda hukuma ta hana yaɗuwarsu. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma daga 2007 ta tsananta matakanta, har aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008 a shari'ar da ta shafi fim ɗinsa Tsintsiya. Ikon hukumar bai wuce iyakar jiha ba. Saboda haka kayan da suka riga suka tsallaka zuwa wurare irin su Kumasi suna iya tsira daga abin da ya sami 'yan'uwansu a gida.

4.3 Fuskokin da Suka Riga Mu Gidan Gaskiya

Rasuwar ɗan wasa takan ɗaga darajar aikinsa. Balaraba Muhammad ta rasu a 2003, Ahmad S. Nuhu a ranar 1 ga Janairun 2007, Hauwa Ali Dodo a 2010, Rabilu Musa Ibro kuma a Disambar 2014. Abin da suka bari ba zai ƙaru ba, sai dai ya ragu. Duk faifan da ya lalace daga cikinsa, wani yanki ne na tarihin wasan Hausa ya salwanta.

4.4 Cika da Inganci

Kashi na ɗaya ba tare da na biyu ba rabin labari ne. Haɗa su wuri guda yakan yi wuya a Zango, domin ba lallai ne ɗan kasuwar da ya kawo na farko ya dawo da na biyun ba. Haka nan tallace-tallacen da ake sakawa kafin fim suna da nasu amfani, domin a cikinsu ake ganin gutsattsarin finafinan da ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Ta fuskar inganci kuwa, faifan da aka buga a masana'anta ya fi wanda aka ƙona a kwamfuta juriya, saboda na biyun rini ne yake riƙe da bayanansa, kuma zafi da haske suna cinye shi. Damshin Kumasi, mai damina biyu a shekara, yana haifar wa zaren kaset fumfuna fiye da yadda busasshiyar iskar Kano take yi.

4.5 Harshe

Hausar Zango ta bambanta da ta Kano a furuci da kalmomi, kuma ta sassauta bambancin jinsin namiji da tamace a nahawu. Tsofaffin finafinai sun kawo wa gidajen Zango karin magana da kirari da gaisuwar fada da yanayin biki irin na ƙasar Hausa. Iyalin da suka adana irin wannan faifai sun adana wani madubi ne na harshen kakanni.

5.0 Faɗuwar Kasuwa

Wayar hannu ce ta karya kasuwar faifai. Masu tura finafinai a memori sun maye gurbin dillalai, tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan finafinai masu dogon zango irin su Izzar So suka koma YouTube. Wani zai ce intanet ta wadatar, amma ba kowane tsohon fim aka ɗora ba, kuma da yawa daga waɗanda aka ɗora an datse farkonsu ko ƙarshensu, inda sunayen ma'aikata suke. Tasha kuma ana iya rufe ta dare ɗaya.

Labarin Shehu Umar ya isa darasi. Adamu Halilu ya shirya shi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi a rumbun Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. Wannan fim ne da gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Ina ga wanda ƙaramin kamfani ya yi, kamfanin ya rushe, uwar kaset ta ɓace?

6.0 Kammalawa

A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana kwafar rubuce-rubucen Larabci da ajami, ciki har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934. Da an yi jinkiri, da gara ta riga masana. Kaset da faifan da suke cikin akwatunan Aboabo da Asawase suna buƙatar irin wannan aiki: a tattara su, a ɗauki hoton kwalayensu, a rubuta sunayen da suke jiki, a juye abin da suke ɗauke da shi zuwa ma'ajiyar zamani. Sassan Hausa na jami'o'i da shugabannin Zango su ne suka fi cancantar fara wannan hidima, tun na'urorin da suke karanta faifan ba su ƙare ba.