Nazarin Yanayi a Dogon Hutu: Abin da Damina Ke Bayarwa da Abin da Take Hanawa

Dogon hutun makarantun sakandare a arewacin Najeriya yakan fara ne a ƙarshen Yuli ya ƙare cikin Satumba. A Nijar ya fi haka tsawo, domin sai wajen Oktoba ake komawa aji. Ko ta wane gefen iyaka aka duba, hutun yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin marka, sa'ad da gero ke fitar da kai, hanyoyin karkara suka yi taɓo, sauro kuma ya yi yawa. Duk malami ko ƙungiyar da ke son tara ɗalibai na makonni huɗu ko shida don nazarin sauyin yanayi, daga nan ya kamata lissafinsu ya fara. Tsarin da aka saba gani daga Turai da Amurka an gina shi ne a kan hutun da yara ba su da aikin yi, ga hanyoyi masu kyau da sansanin kwana. Hutunmu ba haka yake ba, kuma hujjar wannan nazari ita ce shirin zai yi amfani ne kawai idan an gina shi a kan awon ruwa da ajiye lissafinsa, ba a kan lacca da bikin dashen itatuwa ba.

Da farko dai, makonni shida ba za su nuna wa kowa sauyin yanayi ba. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya tana ɗaukar matsakaicin shekaru 30 ne a matsayin ma'aunin yanayin wuri, kuma zangon da ake aiki da shi yanzu shi ne 1991 zuwa 2020. Abin da ɗalibi zai auna a watan Agusta ɗaya labarin daminar bana ne kawai. Idan ba a fayyace masa wannan tun ranar farko ba, zai koma gida yana ɗora kowane mamakon ruwa da kowane fari na mako biyu a kan ɗumamar duniya, kuma shirin ya ƙara masa surutu ne, bai ƙara masa sani ba. Amfanin awon da zai yi da hannunsa shi ne ya san yadda ake samar da lamba, da inda kuskure ke shigarta, sannan ya ɗauki wannan sanin ya tunkari tsofaffin alkaluma da idon mai bincike.

A nan damina ta yi wa mai shirin kyauta, domin Agusta ne watan da ya fi kowane wata ruwa a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram. Ma'aunin ruwa kuwa ba ya buƙatar lantarki ko intanet. Kowane mazubi mai miƙaƙƙen gefe da zagayayyen baki zai yi, muddin an kafa shi a tsaye daram, a fili, nesa da bango ko itace da aƙalla ninki biyu na tsawonsu, kuma ana duba shi a ƙayyadadden lokaci kowace safiya. Lissafin ma na aji huɗu ne. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Mazubin da faɗin bakinsa ya kai santimita 10, idan ya tara mililita 157, to an yi ruwan milimita 20. Ruwan nan da ya sauka a kan rufin kwano mai murabba'in mita 50 ya kai lita 1,000, wato jarka 40 irin ta 'yan garuwa. Yarinyar da ta yi wannan lissafi sau ɗaya da indararon gidansu ba za ta sake jin sanarwar hasashen ruwa a rediyo kamar baƙon yare ba.

Amma ma'auni ɗaya a farfajiyar makaranta ɓarnar dama ce. Ruwan yankinmu yana zuwa ne da hadarin da ke tasowa daga gabas, sau da yawa da yamma ko cikin dare, kuma ba ya raba kansa daidai: kowane manomi ya san ana iya yin ruwa a gonar maƙwabcinsa tasa ta kwana a bushe. A farkon shekarun 1990 masana daga Faransa da Nijar sun baza ma'aunai kimanin 100 a kewayen Yamai, suka tabbatar da cewa wuraren da tazararsu ba ta wuce 'yan kilomitoci ba kan bambanta ƙwarai a jimillar ruwan shekara. Ɗalibai talatin da ke zaune a unguwanni da ƙauyuka daban-daban za su iya maimaita wannan bincike a ƙaramin mataki, idan kowanne ya kafa nasa ma'aunin a gida, ya rubuta a littafi, a haɗu a zana taswira. Ko hukuma ba ta da ma'aunai masu yawan haka a cikin gari guda.

Akwai cikas guda da kalanda ta jawo. Tambayar da ta fi damun manomi, wato yaushe damina ta kankama har a yi shuka ba tare da fargaba ba, amsarta tana faruwa ne a Mayu da Yuni, kafin a yi hutu. A 1988 wani masani mai suna Sivakumar, wanda ke aiki a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, ya ba da ƙa'idar da har yanzu ake amfani da ita: damina ta fara ne ranar da, bayan 1 ga Mayu, ruwan kwana uku a jere ya kai milimita 20, kuma cikin kwanaki 30 na gaba ba a sami tsaikon da ya wuce kwana bakwai ba. Ƙa'ida ce da ɗan aji biyar zai iya aiki da ita da biro da takarda. Sai dai ba zai iya gwada ta a kan tasa daminar ba idan sai ƙarshen Yuli aka raba ma'aunai. Don haka shirin hutu, in za a yi shi da kyau, a zango na uku yake farawa: a zaɓi ɗalibai a Afrilu, a kafa ma'aunai kafin ruwan farko.

Wurin da hankalin ɗalibi zai fi buɗewa shi ne tsofaffin alkaluma. Kano da Yamai suna da lissafin ruwa da ya faro tun wajen 1905. A Najeriya hukumar NiMet ce ke riƙe da irin wannan, ana nemansa da takarda, don haka a fara nema da wuri. A Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin da ya halaka dabbobi da mutane a faɗin Sahel. Akwai kuma alkaluman tauraron ɗan'adam da ake kira CHIRPS, na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, waɗanda kyauta ne kuma kowa na iya saukewa. Sai dai suna da tarko. Daga 1981 suka fara, wato gab da farin 1983 da 1984. Duk ɗalibin da ya zana layi daga nan zuwa yau zai ga ruwa yana ƙaruwa. Wanda ya fara nasa layin daga shekarun 1950, lokacin da damina ke da albarka fiye da ƙima, zai ga ruwa ya ragu sannan ya ɗan farfaɗo. Dukansu biyu ba su yi ƙarya ba. A ganina babu darasin da ya kai wannan daraja a duk shirin: a raba aji gida biyu, a ba kowane ɓangare zangonsa, a bar su su yi gardama har su gano da kansu cewa shekarar da aka fara ƙirga ita ce ta yanke hukunci. Daga nan sai a kawo musu binciken Christopher Taylor da abokan aikinsa na 2017, wanda ya nuna cewa yawan hadari mafi ƙarfi a Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. Jimillar ruwan shekara na iya dawowa kusa da yadda take a da, amma yadda yake sauka ya canza, kuma wannan ne ke cinye gidajen ƙasa da gadoji.

Alkaluma ba su ne kaɗai ma'ajiya ba. Tsofaffi suna riƙe da shekarun wahala da sunayensu: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, wadda yanzu sai dai a ji labarinta daga bakin jikokin waɗanda suka gani, ko yunwar 1984 da mutanen Nijar ke laƙaba wa sunan Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatinsa ta yi. A tura ɗalibai bibbiyu wurin kakanninsu da masu unguwa da tsofaffin makiyaya, su tambayi wace rijiya ce ta ƙafe, wane irin gero aka daina shukawa, yaushe aka koma yin binne. Michael Mortimore ya yi shekaru yana irin wannan aiki a ƙauyen Dagaceri, da ke cikin Jigawa ta yanzu, kuma littafinsa na 1989 ya nuna cewa manoma ba zaune suke suna jiran fari ya ci su ba. Sharaɗin shi ne a koya wa ɗalibi ya rubuta abin da aka gaya masa yadda aka faɗa, sannan ya ajiye shi kusa da lambar ruwan wannan shekarar. Wani lokaci za su dace, wani lokaci kuma zai tarar ruwa bai yi ƙaranci ba, fara ce ko tsadar hatsi ta jawo yunwar.

Maganar sansanin kwana kuwa gajeriya ce. Bayan sace ɗalibai a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a Disamban 2020, da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, ba za a ga laifin uban da ya ƙi sakin 'yarsa zuwa sansanin kwana ba. Shirin jeka-ka-dawo ya fi sauƙin kuɗi, ya fi samun yardar iyaye, kuma shi ne ya dace da ma'aunan gida. Lokacin haɗuwa ma sai an yi shawara. Yaron karkara da safe yana gona wurin maimai, na birni yana shago ko wurin koyon sana'a, da la'asar akwai Islamiyya, 'yan aji biyar kuma makarantu da yawa kan riƙe su don darasin share fagen jarrabawa. Haɗuwa sau uku a mako, na awa uku, ta fi ta kullum da za ta watse a mako na biyu. Idan ana son 'yan mata su zo kuma su dore, sai da malama mace a cikin masu koyarwa, da kuɗin mota, da makewayi mai ƙofa. Abinci ma kada a raina shi, domin Agusta ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa a gidaje da yawa.

Fita fili tana da daɗi a takarda. Dausayin Haɗeja da Nguru aji ne da babu kamarsa, domin a nan ɗalibi zai ga cewa ba duk canji ne daga sama yake zuwa ba: madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa ke malala, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyinsa. Amma a Agusta da Satumba yankin yana cikin ambaliya, kuma ruwan kwance yana ɗauke da tsargiya. Ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024, wadda ta mamaye Maiduguri cikin dare, ta isa gargaɗi game da kai yara bakin ruwa a ƙarshen damina. A duba hasashen ambaliya na hukumar NIHSA da hasashen damina na NiMet kafin a sa rana, a fita da safe a dawo kafin la'asar. A koya musu ƙirga tazarar tsawa: kowace daƙiƙa uku tsakanin walƙiya da ƙara kilomita ɗaya ce, kuma ba a fakewa ƙarƙashin itace. Takalmi mai rufi wajibi ne saboda kububuwa. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida-gida da damina na ƙananan yara ne, bai shafi 'yan sakandare ba, don haka mai shirin ya san asibitin da zai nufa tun kafin wani ya kwanta. Sau da yawa ma kududdufin unguwa, da kwatar da leda ta toshe, da zaizayar bayan gari sun ishi aikin mako guda ba tare da an hau mota ba.

Awon zafi ba zai ba da abin mamaki a Agusta ba, tunda zafin gaske na Afrilu da Mayu ne. Abin da za a iya yi shi ne kwatanci a rana ɗaya: ɗakin kwano da soron ƙasa, gindin darbejiya da bakin kwalta. Shi kuwa dashen itatuwa, wanda kusan kowane shiri ke rufewa da shi saboda yana kyau a hoto, ba ya zama bincike sai an koma a Afrilu an ƙirga nawa suka tsira daga awaki da rani. Darasin Maraɗi ya fi koyarwa: tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya fara ƙarfafa manoma su bar tohon kututture su gyara shi maimakon sarewa, gonaki masu faɗin hekta miliyan 5 ne aka ƙiyasta sun sake samun itatuwa a kudancin Nijar, yawancinsu ba dashe ba ne. Ɗalibai za su iya ƙirga gawo da kalgo da sabara a gona mai sanannen faɗi, su tambayi mai gonar dalilin da ya bar wannan ya sare wancan.

Saura batun abin da zai biyo bayan hutu. Shirin GLOBE, wanda ya fara a 1995, da na TAHMO da ke kafa tashoshin awo a farfajiyar makarantun Afirka, duk sun dogara ne a kan makaranta ta ci gaba da awo shekara bayan shekara. Na'ura mai aika bayanai da kanta tana da kyau idan an samu, amma batir kan mutu, ƙurar hunturu kan toshe ta, kuma ɗalibi ba ya koyon komai daga akwatin da bai taɓa buɗewa ba. Abin da ya fi tabbas shi ne babban littafi mai bango mai kauri a hannun malamin labarin ƙasa, da kwafi na biyu a ofishin shugaban makaranta saboda canjin wurin aiki, da jadawalin ɗaliban da za su ci gaba da dubawa har ruwan ƙarshe na Oktoba. Ranar da ba a yi ruwa ba sai a rubuta sifiri, ranar da ba a duba ba sai a ja layi, domin wanda zai buɗe littafin bayan shekara goma ba shi da hanyar bambance su idan an bar gurbin babu komai.