Yadda ake amfani da barazanar ƙarar ɓata suna wajen hana littafi fitowa

A tsakiyar shekarar 2007, Maɗaba'ar Jami'ar Cambridge da ke Ingila, wadda ake yi wa kallon mafi daɗewa cikin kamfanonin buga littattafai na duniya, ta amince ta lalata duk kwafin da ya rage a hannunta na wani littafi da ta buga shekara guda kafin nan. Ta kuma rubuta wa ɗakunan karatu a sassan duniya tana roƙon su sauke shi daga kan kantocinsu.

Littafin mai suna Alms for Jihad ya yi nazari ne a kan zargin karkatar da kuɗin wasu ƙungiyoyin agaji zuwa ga masu ɗauke da makamai. Amurkawa biyu da suka san Sudan ciki da bai ne suka rubuta shi: Robert Collins, farfesan tarihi, da Millard Burr, tsohon jami'in agaji. Attajirin nan na Saudiyya, marigayi Khalid bin Mahfouz, ya ce abin da aka rubuta a kansa ƙazafi ne, lauyoyinsa kuma suka tunkari maɗaba'ar. Ba a kai ga sauraron shaidu ba ta nemi afuwa, ta ce zargin ba gaskiya ba ne, ta biya diyya. Marubutan biyu sun ƙi sa hannu a takardar neman afuwar, sai dai hakan bai ceci littafin ba.

Wannan na cikin fitattun misalan wata hanya da ta daɗe a duniyar wallafa, wato dakatar da littafi ba tare da hukuncin kotu ba, ta hanyar nuna wa mai buga shi irin asarar da ke jiransa idan aka shiga shari'a.

Me ya sa wasiƙar lauya kaɗai ke isa?

Abin da zai ba mutane da dama mamaki shi ne, kotunan Ingila ba su cika bayar da umarnin hana buga rubutu saboda zargin ɓata suna ba. Tun a shekarar 1891, a shari'ar Bonnard da Perryman, aka kafa ƙa'idar cewa muddin wanda ake ƙara ya ce zai tabbatar da gaskiyar abin da ya rubuta, to a bar shi ya buga, a haɗu a kotu daga baya, sai fa idan a bayyane take ƙarara cewa ba shi da hujja. A Amurka ma, hukuncin Kotun Ƙoli na 1931 a shari'ar Near da jihar Minnesota ya sa hana buga rubutu tun kafin ya fito ya zama abu mai wuyar gaske.

Saboda haka mai son toshe littafi ba ya dogara da alƙali. Aljihun mawallafi yake hari.

A dokar Ingila, mai ƙara ba shi ne zai fara tabbatar da cewa ƙarya aka yi masa ba. Doka tana ɗaukar kalaman a matsayin ƙarya har sai marubuci ya kawo hujjar cewa gaskiya ne, ko ya fake da wata kariya da doka ta tanada. Ga marubucin da ya samo bayanansa daga majiyoyin da suka nemi a sakaya sunansu, ko daga shaidun da ke zaune a ƙasar da buɗe baki zai iya jawo musu ɗauri ko kisa, wannan babban nauyi ne. Yana iya kasancewa a kan gaskiyarsa, amma ya rasa wanda zai tsaya a gaban kotu ya rantse.

Sai kuma batun kuɗi. Diyyar da kotu ke yankewa sau da yawa ba ita ce matsalar ba, kuɗin lauyoyi ne, domin a Ingila wanda ya sha kaye shi ke biyan mafi yawan abin da abokin shari'arsa ya kashe. Ko wanda ya yi nasara ma ba lallai ne kuɗinsa su dawo ba. Kamfanin Penguin ya tsaya tsayin daka tare da masaniyar tarihi Deborah Lipstadt lokacin da David Irving ya kai su ƙara saboda ta bayyana shi a matsayin mai musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. Sun yi nasara a shekarar 2000, amma an kashe kusan fam miliyan biyu, Irving kuma ya tsiyace ba tare da ya iya biya ba. Littafin bincike da ba a sa ran zai sayar da kwafi fiye da 'yan dubbai ba zai taɓa kawo ribar da za ta rufe irin wannan rami ba, kuma akantan kowane kamfani ya san haka.

Barazanar ba ta tsayawa kan marubuci da mawallafi. Masu injin buga littafin, da masu rarraba shi, da masu shagunan da ke sayar da shi, duk ana iya rubuta musu. Wanda ya shahara a wannan dabara shi ne Robert Maxwell, mai jaridar Daily Mirror, wanda a 1988 ya yi ta shigar da ƙararraki kan littafin tarihin rayuwarsa da Tom Bower ya rubuta, ya kuma tsorata shaguna har da dama suka janye shi. Sai bayan mutuwarsa a watan Nuwamban 1991 aka gano cewa ya wawure sama da fam miliyan 400 daga asusun fanshon ma'aikatansa.

Kwafi 23 da suka sauya dokar Amurka

Sauƙin da mai ƙara ke samu a Landan ya sa attajirai daga wasu ƙasashe suka riƙa kai ƙorafinsu can, ko da marubucin ba ɗan Birtaniya ba ne, littafin ma ba a can aka buga shi ba. Har suna aka yi wa abin: yawon buɗe idon ƙarar ɓata suna.

Shari'ar da ta fi fito da wannan fili ita ce ta Rachel Ehrenfeld, wata marubuciya mazauniyar New York. A 2003 ta wallafa Funding Evil a Amurka, inda ita ma ta ambaci Khalid bin Mahfouz, wanda har ƙarshen rayuwarsa ya musanta cewa yana da alaƙa da ɗaukar nauyin ta'addanci. Ba a buga littafin a Birtaniya ba, amma an sayi kwafi 23 ta intanet daga can, wani babi nasa kuma yana shafin wata kafar labarai. Wannan ya isa kotun Landan ta karɓi ƙarar. Ehrenfeld ta ƙi zuwa, aka yanke hukunci a bayan idonta a 2005 cewa ta biya attajirin da 'ya'yansa biyu fam dubu goma kowannensu, ban da kuɗin shari'a.

Ta koma gida ta yi ta fafutika, kuma allura ta tono garma. Jihar New York ta yi doka a 2008, sannan a 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar tarayya da ta hana kotunan Amurka zartar da hukuncin ɓata suna na wata ƙasa, sai idan ya dace da irin kariyar da tsarin mulkin Amurka ya bai wa 'yancin faɗin albarkacin baki.

Wannan kariya tana da faɗi. Tun hukuncin 1964 a shari'ar jaridar New York Times da Sullivan, jami'in gwamnatin da ke ƙarar ɓata suna sai ya tabbatar da cewa marubucin ya san ƙarya yake rubutawa, ko kuma bai damu da tantance gaskiya ba ko kaɗan. Daga baya aka faɗaɗa ƙa'idar ta haɗa da sauran fitattun mutane. Shi ya sa lokacin da lauyan Shugaba Donald Trump ya rubuta wa kamfanin Henry Holt a watan Janairun 2018 yana neman a dakatar da littafin Fire and Fury na Michael Wolff, amsar kamfanin ita ce ya matso da ranar fitowarsa daga 9 ga wata zuwa 5 ga wata. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, domin wasiƙar ta zame wa littafin talla.

Gyaran 2013 da abin da ya rage

Majalisar Dokokin Birtaniya ta yi sabuwar dokar ɓata suna a 2013, wadda ta fara aiki a Ingila da Wales a farkon 2014. Yanzu sai mai ƙara ya nuna cewa kalaman sun yi wa mutuncinsa mummunar illa, ko suna iya yi, kamfani kuwa sai ya nuna babbar asarar kuɗi. An tanadi kariya ga rubutun da ya shafi maslahar jama'a, an taƙaita ƙarar masu shaguna, an kuma tsaurara sharuɗɗan kai ƙarar wanda ba mazaunin ƙasar ba.

Gyaran ya rage wasu matsaloli, amma bai taɓa tsadar shari'a ba, wadda ita ce jijiyar barazanar. A 2013 kamfanin Transworld ya fasa buga Going Clear, binciken Lawrence Wright kan ƙungiyar Scientology, bisa shawarar lauyoyinsa, littafin bai samu mawallafi a Birtaniya ba sai 2016. A 2014 Maɗaba'ar Cambridge ta mayar wa farfesa Karen Dawisha aikinta kan dukiyar makusantan Shugaba Vladimir Putin. Ba ta ce binciken na da rauni ba, kuma babu wanda ya aiko da wasiƙa. Tsoron abin da ka iya biyo baya kawai ya wadatar. A Amurka aka buga shi da sunan Putin's Kleptocracy. Irin wannan janyewa ta shiru ita ce mafi illa, domin ba ta barin wata takardar kotu da za a ƙirga, mai karatu kuma ba ya sanin an hana shi wani abu.

A 2021 kuwa, Roman Abramovich da kamfanin mai na Rosneft da wasu attajiran Rasha suka yi wa Catherine Belton da kamfanin HarperCollins taron dangi kan littafinta Putin's People. Abramovich ya musanta cewa da umarnin Putin ya sayi ƙungiyar Chelsea a 2003. An sasanta a watan Disamba, aka gyara wasu wurare a littafin ba tare da biyan diyya ba, amma rahotanni sun ce kamfanin ya kashe kimanin fam miliyan ɗaya da rabi tun kafin a fara sauraron shaidu. Ƙarar da kamfanin haƙar ma'adinai na ENRC ya shigar kan Kleptopia na Tom Burgis, alƙali ya kore ta a watan Maris na 2022.

Masana shari'a suna kiran irin waɗannan ƙararraki SLAPP a taƙaice, sunan da malaman Jami'ar Denver biyu, George Pring da Penelope Canan, suka ƙirƙiro a shekarun 1980, ma'ana ƙarar da manufarta gajiyar da mai magana ce, ba neman hakki ba. Jihohin Amurka da dama suna da dokokin da ke bai wa alƙali damar korar su da wuri. Tarayyar Turai ta amince da tata ƙa'idar a 2024, wadda ake dangantawa da 'yar jaridar Malta Daphne Caruana Galizia, da aka kashe a 2017 tana fuskantar ƙararrakin ɓata suna fiye da 40. Birtaniya ta sa irin wannan tanadi a wata dokar 2023, amma ya tsaya kan rubutun da ya shafi laifukan tattalin arziki kaɗai.

Duk da haka, ba kowace wasiƙar lauya ba ce zalunci. Littafi yana daɗewa fiye da jarida, ƙaryar da ta shiga cikinsa kuma ana iya kafa hujja da ita shekara da shekaru. Wanda aka yi wa ƙazafi yana da hakkin ya nemi gyara kafin a buga, kuma manyan kamfanoni da kansu kan ba lauya rubutun ya duba, su kuma aika wa wanda aka zarga tambayoyi don ya kare kansa. Alamar da ke bambanta neman hakki da tsoratarwa takan fito ne a abin da aka nema: gyaran jimla takamaimai, ko janye littafin ɗungurungum, ƙarar kamfani mai ƙarfi, ko ware marubuci shi kaɗai.

A Afirka

Ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka sun gaji tsohuwar dokarta, galibi ba tare da gyare-gyaren baya-bayan nan ba. A Kenya, Nicholas Biwott, minista mai ƙarfi a gwamnatin Daniel arap Moi, ya samu diyyar shilin miliyan 30 a shekarar 2000 kan wani littafin da aka buga a Birtaniya wanda ya taɓo kisan ministan harkokin waje Robert Ouko, wasu shagunan Nairobi da suka sayar da shi ma suka biya. Da littafin Michela Wrong, It's Our Turn to Eat, kan tonon sililin cin hanci da John Githongo ya yi, ya fito a 2009, masu shaguna sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, suka shafa wa nasu ruwa. Gwamnati ba ta haramta shi ba, amma da wuya a same shi a kanta, sai dai a ɓoye ko a kwafin sata ta intanet.

A Najeriya kuwa, kotu ce ta yi abin da kotunan Ingila ke gudu. A watan Disamban 2014, wata babbar kotu a Abuja ta umarci tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya dakatar da fitar da My Watch, saboda ƙarar ɓata suna da ɗan siyasar jihar Ogun, marigayi Buruji Kashamu, ya shigar a kansa. Obasanjo ya ƙaddamar da littafin a Legas duk da haka, kotu ta ba da umarnin a ƙwace kwafinsa, sai a watan Afrilun 2015 ta janye hanin.

Akwai kuma wani makami da marubucin Landan ba ya fuskanta, domin a Najeriya ɓata suna laifi ne da ake iya ɗaure mutum a kansa, a kundin hukunta laifuka na Arewa da na Kudu baki ɗaya. A watan Disamban 2024, 'yan sanda suka kama lauya Dele Farotimi a Legas suka kai shi jihar Ekiti, bayan babban lauya Afe Babalola ya yi ƙorafi kan littafinsa Nigeria and Its Criminal Justice System. Ya shafe kusan mako uku a tsare, yayin da littafin ya haye sahun gaba na waɗanda aka fi saya a Amazon. A watan Janairun 2025 Babalola ya amince ya janye ƙorafin bayan sarakunan Yarbawa, a ƙarƙashin jagorancin Ooni na Ife, sun shiga tsakani. Ghana ta soke tata dokar da ta mayar da ɓata suna laifi tun 2001, a farkon mulkin John Kufuor, ita ma Ingila ta soke tata a 2010.