Sabo ta Badun: mu ne baƙi, ba su ba

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke Jami'ar Ibadan, musamman sababbin da suka shigo bana. Rubutun nan yana da ɗan tsayi, a yi haƙuri a karanta.

Duk wanda ya yi wata guda a makarantar nan ya san tsarinmu. Litinin zuwa Juma'a lakca da laburaren Kenneth Dike, cikinka kuma ya saba da amala ko yana so ko ba ya so. Ranar Asabar ta yi, sai ka tsaya bakin get ka tari Micra, a cusa ku kamar buhunan albasa, ku bi ta Sango ku sauka Mokola, ka taka zuwa Sabo. Can ne tuwo da miyar kuka, can ne fura, tsire, mai aski, telan da ya san yadda ake yanka kaftani. Wasu satin mukan canja, mu je Agodi Gardens ko mu hau hasumiyar Bower mu kalli jajayen rufin kwanon garin, amma a Sabo ake ƙarewa. Har cewa muke yi "mu je gida".

A zangona na farko na zauna wajen wani dattijo mai sayar da goro. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, daga wane gari?" Ya ce, "Daga nan." Na yi dariya na ce a'a, asali nake nufi. Ya ce, "Ɗana, a layin nan aka yanke mini cibi, mahaifina ma nan aka binne shi. Kai ne za a tambaya daga ina." Bai rufe baki ba ya juya yana ciniki da wata Bayarbiya cikin Yarbancin da ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Wallahi kunya ta kama ni. Ita ta sa na je neman tarihin unguwar.

An kafa Sabo a 1916. Ku lissafa: ta girmi jami'armu, wadda aka buɗe a 1948, da shekara 32. Lokacin ma sarkin garin Baale ake ce masa, sai a 1936 sarautar ta koma Olubadan. Kafin Sabo, Hausawa a cikin gari suke zaune, a gidajen Yarbawa masu masauki. Da jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, layin ya kai Kano bayan shekara goma, sai fatauci ya buɗe, baƙi suka yi yawa, aka fara ƙorafin sata ana ɗora wa baƙin. Hukuma ta ware fili a gefen Mokola, wanda a lokacin bayan gari ne, aka ce Hausawa su koma can ƙarƙashin sarkinsu.

Abu biyu ne suka riƙe unguwar: shanu su gangaro Kudu, goro ya hau Arewa. Nan ne abin ya fi burge ni. Saniyar Arewa ba ta daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando, dole a sayar da ita da wuri. Mahautan Yarbawa kuma bashi suke ɗauka, sai sun yanka sun sayar su biya. To Bafatake da ya taso daga Katsina ko Nijar, bai san kowa ba, bai jin yaren, yaya zai miƙa wa baƙon ido garke guda a kan alkawari? Sai maigida ya shiga tsakani. Shi zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillalansa da suka san wane mahauci ke biya wane ke cin bashi, kuma in kuɗi suka maƙale shi ke da alhaki. Goro ma haka: ba ya jure sakaci, yana son wanda ya iya zaɓe da ɗauri a ganye, da wanda zai faɗa maka farashin Kano kafin ka loda. Ba banki, ba takarda. Amana ce jarin, kuma amana tana son a san gidanka, masallacinka da wanda zai tsawata maka. Shi ya sa zama wuri ɗaya ya amfane su.

Wani Bature masanin al'umma, Abner Cohen, ya yi bincike a Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a 1969 mai suna Custom and Politics in Urban Africa. Lokacin mutanen unguwar sun ɗan haura dubu huɗu. Abin da ya nuna shi ne, da siyasar jam'iyyu ta kunno kai a farkon shekarun 1950, kariyar da Turawa ke ba sarautar Sabo ta fara raguwa, sai mutanen unguwar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya kusan gaba ɗaya, irin ta Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, a 1952 kuma suka daina zuwa babban masallacin gari suka tsayar da Juma'arsu. A fassararsa, wannan ya zame musu sabuwar katanga da ta tsare kasuwarsu. Ni dai ina ganin ya matsa wa lissafin riba da yawa. Mutumin da ke tashi da asuba yana wuridi ba kasuwar shanu ke ransa ba. Amma batun haɗin kai, wannan kam ya gano gaskiya.

Yau kara ba ta Sabo, shanu sun koma wajen gari, can ɓangaren Akinyele. Abin da aka fi sanin unguwar da shi yanzu 'yan canji ne da masu tsire. Hausawa kuma sun bazu Ojoo, Sasa, Bodija.

Na ambaci Sasa, dole in tsaya. A Fabrairun 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar tsakanin Hausawa da Yarbawa, aka rasa rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje, har gwamnonin Arewa suka zo suka zauna da Gwamna Seyi Makinde. Ga inda muka bambanta da su. Mu in abu ya ɓaci, jaka ɗaya ce, sai tasha. Wanda kakansa ya zo tun zamanin jirgin kwal fa, ina za shi? Wani bai taɓa taka garin da ake ce masa nasu ba, wani uwarsa Bayarbiya ce. A nan a ce masa ɗan Arewa, ya je Arewa a yi wa Hausarsa dariya. Mu ma, a faɗi gaskiya, muna yi. Na sha jin ɗalibi yana kwaikwayon maganar yaran Sabo bayan ya ci tuwon gidansu ya ƙoshi. Kuma duk wata baƙar magana da ɗayanmu zai rubuta a Facebook kan Yarbawa yana kwance a Tafawa Balewa ko Sultan Bello, ba shi zai biya ba. Mai shago a Sabo ne zai kwana ido biyu.

Na koma wajen Baba mai goro bayan na gama karance-karancen, ina ta zuba masa shekaru. Ya saurara har na gama, ya ce ai duk ya ji wannan a bakin mahaifinsa, sai dai Baturen ne bai sani ba. Ya nuna mini wani tsohon gida da ya ce dā masaukin fatake ne, yanzu shagunan waya ne a gabansa.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, bayan La'asar, ya ce zai zagaya da mu tsofaffin layukan. Mai son zuwa ya same ni a bakin get ƙarfe uku, kowa da kuɗin motarsa. A riƙo ɗan abin goro kuma.