Lamba da Kuɗinta

In ka je kasuwar Bebeji ko ta Kiru, ka dubi damtsen dattijan da suka haura shekara sittin, za ka ga wani ɗan tabo kamar girman kwabo. Wannan shi ne tabon lamba. Yaran yanzu ba su da shi, domin cutar da aka yi shi saboda ita ta ƙare a duniya.

Cutar nan ita ce agana. Mutanen da, don tsoronta, ba su cika kiran sunanta ba, sai su ce 'yan rani, ko kuwa ado. Takan kashe kamar mutum uku cikin goma na waɗanda ta kama. Wanda ya tashi kuwa ta bar shi da zanzana, wani har ta makantar da shi. Garuruwan da ke kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zariya, irin su Bebeji, ba su da katangar da za ta tare ta, gama da ayari take tafiya.

Cikin 1796 wani likita a Ingila, wai shi Edward Jenner, ya gwada abin da masu tatsar shanu suka daɗe suna faɗi, watau wanda ƙurajen nonon saniya suka kama, agana ba ta kama shi. Ya ɗebi ruwan ƙurjin ya tsaga wa wani yaro, yaron ya tsira. Asalin lamba ke nan.

To, amma samun magani dabam, kai shi ƙauye dabam. Ruwan lamba na farko ba ya jure zafi. Kafin ɗan lamba ya ɗauko shi daga birni ya kai shi Tudun Wada ko dajin Doguwa da bazara, sau da yawa ya lalace. A yi wa mutum tsaga, ya sha zafi, lamba ba ta kama ba. Kada mu yi saurin zargin kakanninmu da suka riƙa ɓoye 'ya'ya a rumbu in sun ji 'yan lamba sun sauka gidan dagaci. Wanda aka yi wa lamba bara, bana agana ta kama shi, me za ka gaya masa? Sai bayan 1950 aka gano dabarar busar da maganin ya zama gari, ya yi wata guda cikin zafi bai lalace ba.

Ga kuma maganar ciniki, wadda ita ce gindin abin. Mai ciwo yakan sayar da akuyarsa ya sayi magani, amma da wuya talaka ya sayar da ita don yaron da ke wasa lafiya lau. Mai yin maganin kuwa ba zai kafa ma'aikata ba sai ya tabbata akwai mai saye. Saboda haka lamba ba ta taɓa zama hajar kasuwa sosai ba, sai hukuma ta saya ta raba kyauta. Gwamnatin Nijeriya ma ta kafa wurin yin maganin a Yaba, cikin Ikko.

Cikin 1967 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura yaƙin kawar da agana baki ɗaya. Amurka ta kawo wa ƙasashen Afirka ta Yamma wata na'ura da ake takawa da ƙafa, mutane suka riƙa ce mata bindiga, tana yi wa ɗaruruwa cikin sa'a guda. Amma dabarar da ta ci yaƙin ƙarancin magani ne ya haife ta. A ƙarshen 1966 agana ta ɓulla a lardin Ogoja, maganin da ke hannun wani likita Ba'amurke, William Foege, bai isa kowa ba. Sai ya bi gidajen da cutar ta shiga, ya yi wa mutanen gidan da maƙwabtansu da waɗanda suke cin kasuwa tare, kamar yadda ake share gefen gona don wutar daji ta rasa abin ci. Cutar ta mutu a wurin. Nijeriya ta ga aganarta ta ƙarshe cikin 1970, Somaliya cikin 1977, aka yi shelar ƙarewarta a duniya cikin 1980. Dukan aikin ya ci wajen dala miliyan 300, kuɗin da masu lissafi suka nuna an daɗe da mayar da shi, tun da ba a ƙara sayen maganin ko jinyar masu cutar.

Ma'aikatar Yaba ta daina aiki cikin 1991, aka koma sayen allurar rigakafi daga waje. Cikin 2000 aka kafa wata ƙungiya, Gavi, wadda ke haɗa bukatar ƙasashe matalauta wuri guda, a yi ciniki a dunƙule, farashi ya sauko. Da taimakonta ne cikin Oktoba 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar da ke tsare su daga ciwon dajin bakin mahaifa, ciwon da galibi ba a gane shi a ƙauye sai ya riga ya yi nisa.