Dalilan da ke hana ɗalibai shiga shafin JAMB

A duk lokacin da aka fara ba da gurbin karatu a jami'o'in Najeriya, shagunan intanet na Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Tarauni a Kano kan cika da ɗaliban da suka kasa shiga shafin hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, wato JAMB.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Tun daga 2017 hukumar, wadda aka kafa a 1978, ke ba da gurbi ta tsarin CAPS, inda sai ɗalibi ya amince da kansa da gurbin da aka ba shi. Wanda ya kasa shiga na iya asarar shekara guda.

Tushen matsalar

Sau da yawa tangardar kan samo asali ne tun ranar rajista.

Daga 2021 aka wajabta amfani da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN. Ɗalibi kan aika lambar mai alƙaluma 11 zuwa 55019 ko 66019, sannan a turo masa lambar da zai yi amfani da ita wajen yin rajista. Daga nan layin wayar da ya yi amfani da shi ya zama shaidarsa a wurin hukumar.

Sai dai wasu kan ari layin maƙwabci ko na mai shago, wasu kuma a buɗe musu adireshin imel da ba su san kalmar sirrinsa ba. Ranar da aka manta kalmar sirrin shafin, sabuwar can za a tura ta.

Haka nan layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin waya kan sayar wa wani, kuma a 2024 an toshe layuka da dama da ba a haɗa da NIN ba.

Matakan gyara

Da farko a duba rubutun kalmar sirri, domin kwamfuta na bambanta babban baƙi da ƙarami, kuma sifili da harafin O sukan rikita mutane.

Idan shafin ne ya ƙi buɗewa, wataƙila cunkoso ne, sai a sake gwadawa da daddare ko da asuba.

Idan kalmar ce ta ɓace, a nemi sabuwa, a kuma duba akwatin imel har da sashen da tarkacen saƙonni ke faɗawa.

In duk wannan ya ci tura, hukumar na da shafin shigar da koke, inda ake bai wa kowane koke lamba domin bin sawunsa. Koken da ya ƙunshi lambar rajista da ainihin saƙon da shafin ya nuna ya fi saurin samun amsa.

Hukumar dai ta sha gargaɗin ɗalibai da su yi rajista a cibiyoyin da ta amince da su kaɗai, su kuma adana layinsu da imel ɗinsu har bayan kammala karatu.